Yadda Hajiya Zenabu Ta Ja Hotonta Zuwa Maamobi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Lawal, wanda ya miƙo mini makirufo da hannu ɗaya, ya ajiye agogonsa a kan tebur da ɗayan, domin in san ba wasa ya zo yi ba; malamanmu limamai na unguwannin Nima da Maamobi da Kanda a nan Ghana; iyayenmu mata da suka rufe rumfunansu a kasuwar Makola suka zo; iyayenmu maza na kasuwar Agbogbloshie, waɗanda ƙanshin albasarsu ya riga su shigowa zauren nan; shugabar wannan cibiya ta koyon kwamfuta, Malama Hafiza; 'yan uwana ɗalibai da muke karɓar takardar shaida a yau; da kuma ku na bakin taga, da kuka ji ƙanshin waakye, shinkafa da wakenmu, kuka taho neman ilimi: ina yi muku gaisuwa irin ta Musulunci, ina yi muku barka da zuwa.

Sunana Sharfuddeen, jikan marigayi Malam Abdulaziz mai albasa. An zaɓe ni in yi magana a madadin ɗalibai, ba domin na fi su ilimi ba, sai domin an gaji da hana ni magana.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya raya mu zuwa yau. Godiya ga iyayenmu, da suka ga mun zauna gaban kwamfuta tun safe har la'asar, suka daure ba su kira mu marasa aikin yi ba, sai a bayan idonmu. Godiya ga Malama Hafiza, wadda ta karɓe mu muna danna linzamin kwamfuta kamar masu kashe kyankyaso, ta sallame mu muna gina manhaja da hannunmu.

Jama'a, maudu'in jawabina babba ne, mai zurfi ne, mai rassa ne. Shi ne Falsafar Jan Hoto a Fuskar Na'ura. Na ga wasu sun gyara zama, na ga wasu sun duba ƙofa. Ku yi haƙuri, ku ji dalili.

Kakata ta wajen uwa, Hajiya Zenabu, matar marigayi Malam Abdulaziz, ga ta can a sahun gaba cikin keken marasa lafiya. A bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, ya tafi da hannunta na dama, ya tafi da maganarta. Matar da muryarta ke tashi daga tsakar gidanmu ta dakatar da faɗa a bakin famfo, ta wayi gari ba ta iya neman ruwa. Likita ya gargaɗe mu cewa a irin wannan ciwo “i” da “a'a” sukan cakuɗe, kada mu dogara da gyaɗa kai. Kuma gaskiya ya faɗa, domin ni kaina na tambaye ta ko na fi duk jikokinta kyau, ta girgiza kai.

Sai babbar magana ta taso. Kawuna, Alhaji Sulemana, yana Kumasi, yana da gida mai fili, kusa da asibiti. Ya ce a kawo masa uwarsa ya yi jinyarta. Anti Sadia, ƙanwarsa, tana Jamus, ta ce a bi abin da Yaya ya faɗa. Mu da muke zaune da ita a Maamobi muna jin cewa matar da aka kawo gidan nan tana amarya, ta haihu a cikinsa, ta yi takaba a cikinsa, ba za ta so a ɗauke ta ba. Kowa yana ƙaunarta, kowa yana magana da yawunta, ita kuwa tana kwance tana bin bakunanmu da ido. Idan an kai ta Kumasi a wannan hali, mun san ba dawowa za ta yi ba.

A daidai lokacin ne Malama Hafiza ke koya mana wasu kayan ginin manhaja masu ban al'ajabi. Ka rubuta aikinka sau ɗaya, ya tashi a wayar hannu, ya tashi a kwamfuta, ko wane kamfani ya ƙera ta, kamar telan da zai ɗinka riga ɗaya ta shiga siriri ta shiga ƙato. Na ce a raina: hannun Hajiya na hagu yana motsi. Idan baki ya gaza, yatsa zai yi shaida. Zan gina allo mai hotonta da hoton gidaje biyu, ta ja kanta zuwa inda take so, Kawu yana kallo a tsohuwar kwamfutar shagonsa, Anti Sadia tana kallo a wayarta, mu muna kallo a ɗaki, duk a lokaci guda, kada wani ya ce an yi maguɗi.

To, jan hoto yana da rukunai uku.

Rukuni na farko shi ne kamawa. Dole manhaja ta san wane hoto yatsa ya sauka a kansa, ta kuma tuna ainihin wurin da aka kama shi. Ni ban sa ta tuna ba. Duk hoton da na taɓa sai ya yi tsalle, kusurwarsa ta zo ƙarƙashin yatsana. Malama Hafiza ta tsaya a bayana ta ce, “Chale, ɗan uwa Sharfu, ka kama mutum a kafaɗa, kana jan shi ta kunne? Inda ka kama, nan za ka riƙe.” Na gyara.

Rukuni na biyu shi ne ja. Duk taƙin da hoto ya yi, sai a share inda ya baro, a mayar da abin da ke bayansa yadda yake, in ba haka ba zai bar sawu a allo kamar akuyar da ta taka ɗanyen siminti. Kuma akwai wata ƙa'ida da duk masu wannan sana'a suka yarda da ita daga nan har ƙarshen duniya: hoton da ake ja, shi ake ɗagawa sama da kowa, ya bi ta kan duk abin da ke hanyarsa, domin mai ja ya ga abin da yake ja.

Rukuni na uku shi ne saki. A nan ne na nuna hazaƙa, na nuna basira, na nuna cewa gidan mai albasa ya haifi injiniya. Na ga hannun Hajiya yana rawa, sai na sa wa gidajen maganaɗisu. Ko ina ta ɗage yatsa, hoton zai zarce da kansa zuwa gidan da ya fi kusa.

Na shirya allo. Hoton Hajiya a hagu, gidan Kumasi a sama ta ɓangarenta, gidan Maamobi can a dama, hotunan 'ya'yanta a jere a ƙasa a matsayin shaidu. Na aika wa Kawu ya duba. Ya bugo waya ya ce, “Kai yaro, ina Malam? Za a yi taron gidan Malam babu Malam?” Duk wanda ya shiga falo a Zongo, unguwannin Hausawan Ghana, ya san inda hoton maigida yake. Na ɗauko hoton kakana, wanda ya sha rawani ranar da ya dawo daga Makka, na girke shi a tsakiyar allo, babba, kamar yadda yake a bangonmu. Kowa ya ce yanzu aka yi daidai.

Ranar Lahadi bayan azahar muka haɗu. Kumasi tana kallo, Jamus tana kallo. Na durƙusa gaban Hajiya na yi mata bayani, na nuna mata gidajen. Ta ɗora yatsa a kan hotonta, ta fara ja a hankali, har tsakiyar allo. Sai ta tsaya. Sai ta ɗage yatsa. Maganaɗisuna, wanda nake alfahari da shi, ya fizgi hoton ya kai shi Kumasi.

Kawu ya ce, “Alhamdu lillahi.” Na ce a sake. Aka sake, ta ja, ta tsaya, ta ɗage, Kumasi. Aka kuma sakewa, Kumasi. Anti Sadia ta ce, “To shi ke nan, na'ura ba ta ƙarya.” Kawu ya ce zai aiko mota ranar Juma'a. Ni da na gina abin domin a bar ta a gida, ni ne na kawo hujjar ɗauke ta. Hajiya ta juya fuskarta ga bango, hawaye yana bin gefen idonta, muka ce kukan rabuwa ne.

Yayata Ikilima ita ke yi wa Hajiya wanka, ita ke ba ta abinci. Washegari tana ninke zannuwan tafiya, ta kira ni ta ce, “Farfesa, zo nan. A ina yatsanta yake tsayawa?” Na ce a tsakiya. Ta ce, “Ban tambaye ka tsakiya ba. A gaban wa?”

Na buɗe allon na duba. Gefen rawanin Malam ne.

Ikilima ta ce, “Matar da ko takalminsa ba ta taɓa tsallakewa ba, wadda har yau ba ta zama a kujerarsa, kai kake so ta ɗauki fuskarta ta bi ta kan fuskarsa? Gida take nufi. Malam ne a hanya.”

Jama'a, girmamawa ce ta sa muka ajiye shi a tsakiya, girmamawa ce ta hana ta wucewa. Waɗanda suka ƙera kayan nan sun yi tunanin waya ƙarama da kwamfuta babba, sun yi tunanin yatsa da linzami. Ba su san Hajiya Zenabu ba. Wannan aikin namu ne.

Na kira Kawu na roƙe shi ya ba ni dama ɗaya. Ya ce, “Amma kada ka taɓa hoton Malam.” Ban taɓa shi ba. Maganaɗisun na cire. Na sa duk inda ta saki hoto ya tsaya a nan, ya jira ta, ta huta, ta dawo ta ɗauka.

Muka sake haɗuwa kafin Juma'a. Hajiya ta kama hotonta, ta ja har gefen rawanin, ta ɗage yatsa. Hoton ya tsaya. Ta dube shi, ta dube ni. Sai ta sake kamawa, ta yi ƙasa da shi. Ta bi ta ƙarƙashin hoton Malam, ta wajen ƙafafunsa, kamar yadda a da takan ratsa ta gefen tabarmarsa a sunkuye idan yana karatu. Hannun ya gaji, ta saki, ta huta. Ta kama, ta ja, ta huta, ta kama, har ta fito ta ɗaya gefen, ta hau, ta ajiye kanta a ƙofar gidanmu, ta danna yatsa a kai kamar mai buga hatimi.

Kawu ya ce, “Na gani, Hajiya. Ki yafe mini.”

Na miƙa hannu zan karɓi allon, ta ture ni. Ashe a gaggawar gyara na bar duk hotunan a sake, kowanne yana jawuwa. Ta kai yatsa ƙasa, layin shaidu. Iyayenmu da ke nan sun san al'adar: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna shi a gaban mutane. Kawu Sulemana, ɗanta na fari, ya yi furfura bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Hotonsa ta kama. Ta ɗora yatsa a tsakiyar goshinsa, ta ja shi, tana hutawa tana ja, har ta kawo shi ƙofar gidan Maamobi, ta ajiye shi a jikin nata hoton, kafaɗa da kafaɗa.

A Kumasi, a cikin shago, gaban yaransa da masu sayayya, Alhaji Sulemana ya ga fuskarsa tana tafiya a kan allo ba shi ke tafiyar da ita ba. Muka ji ya ce, “Na'am, Hajiya. Na'am.”

Motar ta zo ranar Juma'a kamar yadda ya yi alkawari. Shi ne a ciki, da jakarsa. Ya bar wa babban ɗansa shago, yanzu yana kwana a ɗakin da aka haife shi, kuma shi ne mutumin nan mai farar hula da ya turo kekenta zuwa zauren nan, wanda yake yi kamar wani abu ya faɗa masa a ido.

'Yan uwana ɗalibai, mun koyi rubuta manhajar da za ta tashi a kowace na'ura. Ina roƙonku, idan kun gina, ku kai wa tsofaffin gidanku su taɓa, ku zauna kusa da su, ku dubi inda yatsa yake tsayawa.

Mai girma shugaba ya ɗauki agogonsa, na fahimci ishara.

Allah ya saka wa Malama Hafiza da alheri, ya raya wannan cibiya, ya yi wa takardunmu albarka. Allah ya ba iyayenmu na Makola da Agbogbloshie kasuwa mai albarka. Allah ya jiƙan Malam Abdulaziz da dukkan magabatanmu da ke kwance. Allah ya zaunar da Zongo lafiya, ya zaunar da Ghana lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wanda ya rasa murya, Allah ya ba shi masu haƙurin saurare. Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mana ke a Maamobi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.