Macijin Roba da Kwaɗon Ƙofa

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Mai rubuto maka Alhaji Dakta ne, shugaban iyayen yaran Ƙofar Ran kaf.

A ƙaramar sakandaren unguwarmu an hana ɗalibai fita in an tashi tara. Dalili kuwa, wani shaƙiyyi ne ya jefa macijin roba gaban mai awara a ƙofar makarantar, yara suka watse kan titi, saura ƙiris keke ya take ɗaya. Washegari shugaban makaranta ya garƙama wa ƙofa kwaɗo.

To, banɗakin makarantar ya lalace, gidajen maƙwabta 'yan mata ke shiga. Yanzu wata yarinya, Hajara, ko koko ba ta sha da safe. Na tsokane ta, "Hajiya, azumi ake?" Ta ce, "Yaya, in na sha, ina zan zaga?" Shekaranjiya a sume aka kawo ta gida.

Malam, tunda ta ce Yaya, asiri ya tonu. Ban da allo ban karanta komai ba. Ni Sabi'u ne, tela a Wunti, kuma macijin nawa ne. Babanmu bai sani ba. In na je na faɗa wa shugaban, zai buɗe ƙofar, ko ƙanwata zai kora? Don Allah a ba ni shawara.