Kujerar da Na Ƙera wa 'Yata

Shugaban wannan taro, babbar likitar yara, malamanmu masu haƙuri, iyaye mata da kuka fi mu yawa a aji kuma kuka fi mu ƙoƙari, 'yan'uwana maza ukun da muka daure har ƙarshe, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni damar magana a madadin iyayen da suka kammala wannan aji na koyon motsa jikin jarirai, duk da cewa ni kafinta ne, guduma na saba riƙewa, ba lasifika ba. Abu uku na zo da su.

Na farko, laifina. 'Yata bakwaini ce. Ta kai wata tara ba ta iya zama ba, hannunta na hagu kullum a rufe gam, har kakarta ta laƙaba mata Dunƙule. Ni kuwa a sanina, duk abin da ya karkace, katako ake tokara masa. Na shiga shago na ƙera mata kujera mai jingina, da matokari dama da hagu, da ɗamara a ƙirji, na goge ta har tana sheƙi. Na zaunar da yarinya ciki, ta zauna daram kamar alƙali. Wallahi har maƙwabta na kira su gani.

Ranar farko na shigo aji da kujerar a kafaɗa, ina jiran yabo. Malama ta shafa ta, ta yaba aikin, sannan ta ce, "Malam, kujerar ce ke zaune, ba yarinyar ba." Ta nuna mini cewa muddin katako ne ke yi mata aiki, wuyanta da bayanta ba za su yi ƙarfi ba, hannun kuma yana iya sandarewa a haka. 

Na biyu, abin da aka koya mana. Ba wata na'ura ba ce. Shimfiɗa ce a ƙasa, a kwantar da yarinya rub da ciki, a naɗe tawul a ƙarƙashin ƙirjinta, a ajiye abin wasa ta hagu, ɗan nesa kaɗan, sannan a jira. Jama'a, jiran nan shi ne aikin. Tana nishi, tana kuka, hannuna na ƙaiƙayi in miƙa mata, sai in ji Malama ta ce, "Hannu a baya, Malam." Mai ɗakina ta riƙe kalmar, har a gida ba ta bar ni na huta ba.

Na uku, abin da idona ya gani. A mako na bakwai, wata safiya kafin in tafi shago, na kwanta a ƙasa ta hagunta, fensirina na aiki a bayan kunne. Sai ta ɗaga kai. Ta dogara da gwiwar hannun dama, ta tsura wa fensirin ido. Sannan hannun nan da bai taɓa buɗewa don kansa ba ya fara buɗewa, yatsa ɗaya, yatsa biyu, har biyar, yana rawa yana tahowa. Shekara ashirin ina haɗa katako da katako, ban taɓa ganin haɗi irin na yatsun nan ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ƙera su! Ta cafke fensirin, ta zare shi, ta kai baki. Ni da hannayena a baya, kuka na yi, ban ji kunya ba.

Yau tana zaune da kanta, ga ta can kusa da uwarta. Kujerar kuwa takalma ake ɗorawa a kai. Fensirin ga shi, da sawun haƙoranta biyu a jiki, kuma ba zan sake feƙe shi ba.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri. Allah Ya raya mana 'ya'yanmu, Ya ƙarfafa gaɓoɓinsu. Iyayen da har yanzu suke jira a gefen shimfiɗa, Allah Ya ba ku haƙurin riƙe hannu a baya, Ya nuna muku safiya irin tawa. Allah Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.