Rediyon da Ta Yi Shiru

A tashar motar Sakkwato, zamanin da kuɗin mai suka mai da kowa ɗan kasuwa, Mode ya juya ga dattijon da ke gefensa.

"Baba, kamfani biyu ke son in riƙa kai musu masu sayen rediyo. Guda kamashonsa babba. Gudan kaɗan ne, amma suna da mai gyara a Sabon Gari."

"Na san babban. Ɗan ƙanena ya saida min tasu."

"Tana aiki?"

"Ta ɗan yi magana, sannan ta yi shiru. Mu ma muka yi shiru. Ko gaisuwar Sallah babu tsakanina da shi."

Mode ya tuna masu sayen da zai kai duk maƙwabtansa ne, har da surukinsa.

"Masu gyaran zan bi."

"To fara da ni, yaro. Na gaji da jin labarai ta katanga."