Abin da muka tono a Sabon Gari

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, barka da aiki. Ni magini ne daga Samaru.

Makon jiya aka ba mu aikin shaguna a wani fili a Sabon Gari. Tun muna yara muke ganin tsofaffi suna kewaye filin nan, ba sa ratsa shi, ba mu taɓa tambayar dalili ba. Muna fara haƙa fandisho sai ga ƙasusuwan mutane.

Wata tsohuwa mai ƙosai, Mama Saratu, ta taso ta ce mini, "Ɗana, mayar da ƙasar nan. Maƙwabtanmu ne, gab da yaƙin basasa aka kashe su. Mu uku muka rage da muka san sunayensu."

Mai filin ya ce mu kwashe a buhu mu ci gaba. Samarin da ke kallo kuwa dariya suke yi, wani har yana cewa bari zaɓe ya zo, za a ga abin da ya fi wannan.

Hajiya, ran Litinin za a zuba kankare. Masu sauraro su ba ni shawara, in zuba? Tsorona ɗaya ne: garin da ya manta ramin farko, wata rana zai haƙa na biyu.