Taɓaryar da Ta Kori Sama

INNA: Salamu alaikum. Halo? Nuriyya, ke ce?

NURIYYA: Ni ce, Inna. Ina wuni?

INNA: Lahiya lau. Ya Argungu, ya makaranta?

NURIYYA: Alhamdu lillahi. Ya mutanen Gwadangaji? Ya ƙafar Baba?

INNA: Da sauƙi. Kina cin abinci dai ko?

NURIYYA: Ina ci.

INNA: Kina salla?

NURIYYA: Haba Inna! Wace irin tambaya ce wagga?

INNA: Tun jiya tuwo bai wuce mini ba. Kalilu mai albasa ya ce ya gane ki bakin gulbi cikin tsofaffin masunta, kina tambayar su yadda anka yi duniya. Ke ɗiyar malam, ba ki san wanda ya yi duniya ba?

NURIYYA: Na sani, Inna. Allah ne.

INNA: To mi kike nema? Halo? Kina ji na?

NURIYYA: Ina ji. Aikin makaranta ne. Labaran da mutanen da can suke ba 'ya'yansu kan farkon duniya muke tarawa. Fulanin da can sun ce daga ɗigon nono duniya ta fara. Yarbawa sun ce ruwa ne ko'ina, sai kaza ta barbaza ƙasa bisa kansa.

INNA: Kaza! Inna lillahi. Ki haɗa kayanki ki dawo gida tun babanki bai ji ba.

NURIYYA: Ba wanda ya ce in yi imani da su. Dalili anka ce mu nema. Makiyayi nono ya sani, masunci ruwa ya sani. Kowa da abin hannunsa yake gaya wa ɗansa inda ya fito, da yadda zai zauna da mutane.

INNA: Mu dai gidanmu ba a irin wannan.

NURIYYA: Af! Wa ya gaya mini da can sama kusa take, har ana taɓa ta da hannu?

INNA: Ke, wannan ai tatsuniya ce.

NURIYYA: Ita nike nema, Inna. Kin tuna ranar da na yi wa Goggo Zuhura tsawa? Ba ki buge ni ba. Zaunar da ni kinka yi gindin turmi, kinka ce wata yarinya na daka, taɓarya na bugun sama, sai yarinyar ta ce wa sama matsa can. Sama ta yi fushi ta tahi, har yau ba ta dawo ba. Tun ranar ban sake ɗaga wa babba murya ba.

INNA: Ba yarinya ba ce, amarya ce. Kuma sai da sama ta roƙe ta ta rage hannu, ta ƙi. Kada ki je ki faɗa wa malamanku labarin a karkace!

NURIYYA: To ba ni shi daidai.

INNA: Yanzu? Rana tsaka? Ba a tatsuniya da rana, sai mutum ya ɓace.

NURIYYA: Inna, kin yi imani da wannan?

INNA: Rufe mini baki, ja'ira. Ki kira ni bayan magariba, in babanki ya tahi masallaci. Kuma ki ce musu daga bakin kakarki na ji shi, sunanta Ummu Ha... Halo? Nuriyya?