Doguwar Aljihu

A tashar Kore Mairuwa, wani magidanci na cin tsire, yana yi wa tsohuwar da ke gefensa ƙorafi.

"Inna, ko barci ba ni yi. Doguwa ce ta shiga aljihuna. Kuɗɗi su shigo da safe, kafin azahar babu su."

"Ina za ka yanzu?"

"Tibiri, wurin mai bori. Ya ce in kai baƙar akuya, har bashi na ci na saye ta."

"Ai tun ɗazu nike kallon doguwar taka. Ta sha shayi da madara, ta sayi taba, ga ta ta koma kan tsire."

"Haba Inna, damuwa ce ke sa ni ci!"

"Mai da akuyar mutane, ɗana. Wagga doguwa ba yanka take so ba, takunkumi take so."