Wanne Ne Mai Gada a Cikinsu?

Mai gabatarwa, barka da aiki. Yohana ne, daga wajen Fadan Kagoma.

Bana ruwa ya cinye gadarmu. Da naƙuda ta kama ƙanwata Ladi, mota ta kasa ƙetarewa da ita zuwa asibitin Kafanchan. A bakin rafi ta rasu.

Ranar da kuka karanta sunayen sababbin ministocin tarayya a rediyo, Baba ya kasa kunne har ƙarshe, sannan ya ce, "Yohana, wanne ne mai gada a cikinsu? Ya san da mu?" Shi ya sa na rubuto muku.

Ku ba mu shawara: idan sun zauna a Legas, babban birnin tarayya, wa ke kai musu kukan ƙauyen da ba shi da kowa a majalisar ministocin? Ina gaida matan zumunta na cocinmu da suka zo ta'aziyya.